A Cire Hotona Daga Gishenku Kafin Surukata Ta Iso

Zuwa ga Babban Darakta,
Kamfanin kar, manyan motoci masu jigilar fasinja daga filin jirgin sama na Yamai zuwa Dosso, Ƙonni da Tawa.

Jiya Litinin ƙanin matata, Lawali, ya je gishenku na filin jirgi, wato tagar sayar da tike. Hotona yana nan manne a gilashi, daidai inda ake miƙa kuɗin tike. Abin da ya canza tun ranar da na kai kukana shi ne an saka hoton cikin leda mai kauri, don kada rana ta cinye shi.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatanka, shoferori da masu gishe da masu ɗaukar kaya. Ina fatan iyali suna lafiya, har da surukai, don su ne tushen wannan wasiƙa. Sunana Sanusi Abdu, ina zaune a unguwar Talaje. Aikina gyaran rubutu a wata jarida, kafin nan na yi shekaru ina ɗauko rahoto. Saboda haka abin da na gani zan ce na gani, inda kuma ji na yi zan ce ji na yi. Ban ambaci sunan kamfaninku ba, don na ɗanɗana zafin a manna mutum a bainar jama'a. Kun san kanku.

Ga wanda bai ga hoton ba, mutum ne durƙushe tsakanin kujeru, kansa a ƙasa, tafin hannuwansa a buɗe, ƙafarsa ba takalmi. Kamarar cikin kar ce ta ɗauke shi daga sama. A ƙasan hoton an rubuta da Faransanci cewa wannan fasinja ne da ya shiga ba tike, ya ɓuya. Mutumin ni ne. Na shiga ba tike, na kuma je har Tawa, duk ban musa ba. Maganar ɓuya ce ban yarda da ita ba, ga kuma dalilaina.

Na ɗaya, yadda muka zama abokan cinikinku. Surukata Hajiya, mahaifiyar matata Hadiza, mutuniyar Tawa ce, ta haura shekara saba'in. Hadiza ce 'yarta ta fari, don haka ba ta kiran sunanta, ba ta cin abinci a gidana, kwana kuwa ba a ma tayar da zancensa. Ni ma ba ta kiran sunana, sai dai baban Rabi. Kafin ku fara wannan jigila, duk saukar Hajiya a Yamai sai dangi sun zauna kan inda za ta kwana kafin ta samu motar gida: ko a Kale wurin ɗan ƙaninta, inda hayaniyar kasuwa ke hana ta barci, ko a Kirkisoy wurin ƙawarta, inda sai an ƙetare gada da akwatuna. Da kuka kawo kar mai ɗaukar mutum daga ƙofar filin jirgi ta ajiye shi a garinsu, mun gode muku ƙwarai. Kuna kuma tashi a kan lokaci, ko mota ta cika ko ba ta cika ba. Na sha yabon wannan hali naku a gaban mutane. Har yanzu ina yabonsa, sai dai na rage murya.

Na biyu, abin da ya faru a bakin ƙofa. Wata Alhamis a watan da ya wuce Hajiya ta sauka daga Umra da safe. Na je tarbarta da motata, tare da Hadiza da yara. Muka gaisa, muka tura akwatuna zuwa kar ɗinku, masu kaya suka zuba su a ƙasa. Saura ƙananan abubuwan da Hajiya ba ta rabuwa da su: buta, jakar magani, darduma da ledar dabino. Babu yadda za a yi tsohuwa ta hau matakala da waɗannan a hannu surukinta yana tsaye yana kallo. Na karɓa. Kombuwayer ɗinku, wato mai kula da fasinja, wani dogon mutum mai fara'a da ake kira Hamani, shi ya riƙe mini ƙofa, ya ce mini sannu da ƙoƙari. Ba ni kaɗai na shiga ba. 'Yan rakiya da yawa sun shiga a gabana, kowa da jakar tsohuwarsa.

Na cire takalmina a ƙasan matakala, don ban taɓa gaishe da Hajiya da takalmi a ƙafa ba, ban kuma ga dalilin da zai sa mota ta canza wannan ba. Ina roƙon ka riƙe wannan a zuciya, ranka ya daɗe. Wanda ya zo satar hanya ba ya barin takalminsa a bakin ƙofa.

Kujerar Hajiya tana layi na biyu. Na jera mata kayanta, na durƙusa a tsakanin kujeru, na ce Allah ya kiyaye hanya. Sai ta ɗaga hannu ta fara addu'a.

Na uku, addu'ar. Sauran 'yan rakiya 'ya'ya ne da suka kawo iyayensu. Ɗa yana iya ce wa uwarsa to Inna, sai kin isa, ya sauka tana cikin magana, gobe ta yi masa faɗa ta waya a wuce wurin. Suruki ba shi da wannan gata. Ba ya katse surukarsa, ba ya miƙewa kafin ta shafa, ba ya ma ɗaga ido ya dubi fuskarta don ya ga ko ta kusa. Ga shi kuma addu'ar wadda ta taso daga ƙasa mai tsarki a daren jiya, kowa yana son rabonsa. Hajiya tana da tsari. Takan fara da salati, ta bi iyaye da kakanni, sannan 'ya'ya bi da bi, sannan jikoki, sannan ƙasa, damina da farashin hatsi. Tun tana kan kakanni fasinjojin gaba suka fara amsa amin. Kafin ta kai kan 'ya'ya motar duka ta ɗauka.

A cikin wannan hali ne Hamani ya yi aikinsa yadda kuka koya masa. Ya tsaya kusa da shofer, ya ƙirga kawunan da suka ɗara bayan kujeru, ya ga sun yi daidai da yawan tike, ya ce a tafi. Mutumin da ke durƙushe ba shi da kai a wannan lissafi. Shofer ya amsa amin da ƙarfi, na ji shi da kunnena, ya kuma rufe ƙofa a lokaci guda. Ƙofarku iska ke rufe ta, ba ta da ƙara. Ba a busa odar mota a harabar filin jirgi. Injin sabo ne, sanyin kilim, na'urar sanyaya mota, yana busawa. Na fara jin ƙasa tana motsi a ƙarƙashina lokacin da Hajiya ke roƙa wa Lawali mace ta gari. Wayata ta yi ta rawa a aljihu, kusa da makullin motata. Hadiza ce, tana tsaye a waje da yara da takalmina, tana kallon kar tana fita da mijinta.

Hajiya ta shafa bayan mun hau titin Dosso.

Na huɗu, dalilin da ban sauka ba. Na san nan ne mai ba ku shawara zai kama, don haka zan faɗa da kaina. Sau biyu na samu damar sauka, a shingen jandarma na bakin gari da kuma a Dosso. Ban sauka ba.

Hajiya ta buɗe ido ta gan ni a inda ta bar ni. Sannan ta juya ga matar da ke kusa da ita, wata 'yar kasuwar atamfa mutuniyar Keita, ta ce da muryar da ta isa kujerar ƙarshe, ai baban Rabi ke nan, ya rantse sai ya kai ta har ƙofar ɗakinta. Motar ta ɗauki kabbara. Mata suka yi ta leƙo ni. Wani dattijo, tsohon malamin lakkol, wato makarantar boko, da ke layin bayanmu, bai ɓata lokaci ba, ya ciro waya ya kira nasa surukin. Ya tambaye shi yana ina, aka ce masa yana biro, wurin aikinsa. Ya ce to ya zauna da kyau a biron, shi ga shi a mota tare da surukin wasu, har takalmi ya cire. Ya kashe wayar ba sallama.

Ranka ya daɗe, ka gaya mini ta wace ƙofa mutum zai bi ya sauka bayan wannan. In na miƙe na ce a tsaya, na ƙaryata surukata ke nan a gaban mota guda, ranar dawowarta daga Umra.

Duk da haka na rarrafa wurin Hamani na raɗa masa gaskiya. Ya dube ni, ya dubi ƙafata, ya rufe bakinsa da hannu har kafaɗarsa tana girgiza. Da ya samu numfashi ya ce dokar kamfani ita ce ba a buɗe ƙofa sai a tasha, kuma shi a lissafinsa ba na cikin motar, to wa zai ce a sauke? Na ce to ya sayar mini da tike. Ya ce ba a sayar da tike a cikin mota, sai a gishe, an ma kori wani abokin aikinsa a kan haka. Shofer, Bazabarme, bai ɗauke ido daga titi ba, ya ce mini kala suru, wato sai haƙuri. Sau uku ya faɗa, kowanne ya fi na baya tausayi.

A shinge jandarma ya shigo yana duba katin shaida. Nawa yana aljihu, alhamdu lillahi. Ya ƙirga, ya ga mun fi abin da aka gaya masa da mutum ɗaya, ya tambaya wane ne. Ban samu buɗe baki ba, motar duka ta amsa masa cewa surukin kirki ne. Ya ce Allah ya ba 'yarsa irina, ya sauka. Amma ya kai rahoto, don aikinsa ke nan, ban kuma ga laifinsa ba. Na ji cewa ta nan maganar ta iso bironku.

Na biyar, zaman hanya. Hamani ya ba ni tasa kujerar, 'yar mai naɗewa da ke bakin ƙofa, shi ya zauna a kan matakala. Ina so a lura da wannan ma. Mutumin da kuka ce ya ɓuya ya yi tafiyar yini guda a kujerar ma'aikacinku, a gaban kowa, kusa da shofer. Kujerar kuma tana daidai idon Hajiya.

Kuna raba ruwa da biskit bisa yawan tike, saboda haka ba a ba ni ba, kuma wannan ne kaɗai alherin da dokarku ta yi mini a ranar. Fasinjoji ne suka ga ba daidai ba ne surukin kirki ya zauna haka. Aka fara miƙo abubuwa daga baya, hannu zuwa hannu: kilishi, dafaffen ƙwai, dabino, lemu, har da rabin kaza a takarda daga 'yar Keita. Na tara su a cinya ina godiya. Ban karya kumallo ba tun safe. Amma suruki ba ya tauna a gaban surukarsa. Da 'yar Keita ta ga ban taɓa kazarta ba, ta tambayi Hajiya ko ba na cin kaza ne. Hajiya ta ce ai yau Alhamis, baban Rabi ba ya barin azumin Alhamis.

Ban ce ina azumi ba, ban kuma ce ba na yi ba. Dattijon nan ya sake kiran surukinsa.

A Dosso an tsaya salla. Hamani ya ara mini silifas ɗinsa na alwala, ɗaya shuɗi ɗaya kore. Suna wurina har yau, na wanke su, duk ranar da ya so ya aiko a karɓa. Na yi niyyar in zagaya bayan tasha da ƙwai biyu, sai na tarar dattijon yana biye da ni. Ya ce yana so ya yi salla kusa da ni. Bayan salla ya riƙe hannuna ya kawo ni har ƙofar mota, yana tambayata a wace makaranta aka yi mini tarbiyya. Kafin nan Hajiya ta riga ta sa an kira mata Tawa, an sanar da gida cewa da baƙo take tafe, a kama kaji. Damar sauka ta biyu ke nan, ka ga yadda ta ƙare.

Na samu kiran Hadiza a nan. Na ɗauka zan tarar da ita cikin damuwa. Ba ta iya haɗa kalma biyu ba saboda dariya. Abin da na fahimta shi ne ta bar motata a filin jirgi tunda makulli yana kan hanyar Tawa, ta ɗauki taksi da yara, kuma takalmina yana hannun Rabi. Ta ce in gaishe da mutanen gida, in kuma tuna ban taɓa raka ta ko Dosso ba.

Muka wuce Dogonduci, muka wuce Ƙonni, ƙamshin kaza yana tashi daga cinyata. Rana ta faɗi muna dab da Tawa. Shofer da kansa ya miƙo mini ruwa ya ce Malam a sha ruwa, motar duka tana kallo, Hajiya ta kau da kai wajen taga don in samu in haɗiye. Ban taɓa shan ruwan da ya kai wannan daɗi ba, ban kuma san ko za a rubuta mini ladan azumin ba. Na bar wa malamai wannan.

Na shida, ƙoƙarin biya. A Tawa an karɓe ni kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Aka sauke ni a gidan kawun Hadiza, aka yi ta zuwa kallona. Sauran surukan Hajiya biyu, mazan ƙannen matata, sun zo gaishe ni. Babban cikinsu ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce a hankali na kyauta, na ɗaga musu farashi, yanzu su sai su goya ta ke nan. Washegari na je bironku na Tawa da silifas ɗin Hamani, na ce na zo biyan kuɗin tafiyar jiya. Mai gishe ta ce ba ta iya sayar da tiken motar da ta riga ta iso, maganar ta Yamai ce. Na sayi tiken komawa, na dawo a kujerar da ke da lamba kamar kowa.

A Yamai na tarar hoton ya riga ni isa. Na je wurin shef, wato shugaban bironku na filin jirgi, wani mutumin Damagaram mai natsuwa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya karɓi kuɗin tafiyar, ya ba ni shaidar biya, ya kuma ba ni shayi. Ya ce shi ma haka yake durƙusa wa tasa surukar, har gwiwarsa ta hagu ta fara ba shi matsala. Ya ce yana ganin hoton ya gane ba ɓuya ba ce, amma kamara ba ta san suruka ba, kuma wanda ya duba hoton a babban biro yaron zamani ne da bai yi aure ba tukuna. Umarnin mannawa daga sama ya zo, in ji shi, na cirewa ma sai daga sama. Na tambaye shi saman nan wane ne. Ya nuna silin da yatsa, sannan ya ce Babban Darakta. Na je babban biro sau da yawa, kullum sakatariya tana ce mini kana taro. Shi ya sa na biyo ta jarida, tunda ita ce ƙofar da na sani.

Na bakwai, abin da hoton ya jawo, da abin da nake tsoro. A fadarmu ta Talaje, inda muke shan shayi da yamma, an daina kirana Malam Sanusi, sai Direk Tawa, wato mai zarcewa Tawa ba tsayawa. In na sunkuya ɗaure takalmi, sai wani ya ce a riƙe shi kada ya tafi. Telan da ke maƙwabtaka da ni ya ce zai ɗinka mini hula mai tsawo, yadda ko na durƙusa za a ƙirga ni. 'Yan taksin filin jirgi in sun gan ni sai su leƙa bayan kujera kafin su tashi. Duk wannan ina iya ɗauka. Na yi shekaru ina gyara labaran da suka fi wannan ciwo a kan mutanen da suka fi ni.

Hajiya ce damuwata. Ranar Asabar mai zuwa za ta hau kar ɗinku daga Tawa, za ta ɗauki jirgi zuwa Abijan bikin jikarta. Ba ita kaɗai ba ce, tana tare da ƙawayenta biyu, waɗanda suka fi kowa jin labarin surukin da ya kai ta har ƙofar ɗaki. Kar ɗinku tana sauke mutane a gaban gishe. Dokarku kuma ta ce mai son kujerar komawa sai ya tsaya a gishen da kansa ya tabbatar. Hajiya ba ta karanta boko, amma ta san fuskata ko da daga sama aka ɗauke ta. Za ta tambayi wanda ke kusa me aka rubuta a ƙasa, za ta kuma tambaya da muryar nan tata. A filin jirgi ba a rasa mai fassara.

Wani zai ce ai wannan wasiƙa ma tona asiri ce, tunda za a karanta ta a Tawa. Na yi tunanin haka. Kafin in rubuta, na sa Hadiza ta gaya wa mahaifiyarta gaskiya, cewa mota ce ta tashi da ni. Abin da Hajiya ta amsa, yadda Hadiza ta kawo mini, shi ne ta sani tun daga ƙofar filin jirgi. Ta ce ita ba yarinya ba ce, babu mai shirin zuwa Tawa ba takalmi. Ta ce ta buɗe ido ta ga mijin 'yarta durƙushe a tsakiyar mutane, mota tana gudu, fuskarsa kamar ta wanda aka kama da kazar maƙwabta, to me za ta ce? Ta bari a yi masa dariya daga Yamai har Tawa? Maganar azumi ma ta ce ta san yunwa nake ji, amma da ta bar 'yar Keita ta ci gaba da tambaya, da sai na ci kazar a gabanta, mu duka mu ji kunya. Ta ƙara da cewa ko da niyya ko ba niyya, ita dai a ƙofar ɗakinta ta gan ni, kuma ba ta janye ko kalma ɗaya daga abin da ta gaya wa mutane ba.

To ka gani, ranka ya daɗe. Tsohuwar nan ta sa bakinta ta rufa mini asiri a gaban mota guda. In ƙawayenta sun ji cewa mota ce ta tafi da ni, za su yi dariya, ita ma za ta taya su, an wuce wurin. Amma in suka tsaya a gishenku aka karanta musu cewa surukin Hajiya macuci ne da ya ɓuya don kada ya biya, wannan ba abin dariya ba ne a Tawa. Ba ni za a duba ba, ita za a duba. Ba ta yi muku komai ba sai addu'a, kuma shoferinku ya amsa amin.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka.

A cire hoton kafin Asabar. Ba na neman a ba ni haƙuri a jarida, ba na neman tiken kyauta. Tiken kyauta zuwa Tawa ma ina roƙon kada a ba ni, kada kuma a bari Hajiya ta ji an yi tayinsa.

A koya wa masu kula da fasinja su bi tsakiyar mota daga gaba har baya suna duban ƙasa kafin a rufe ƙofa. Ƙirgar kai daga gaba ta dace da ƙasar da kowa ke gaisuwa a tsaye. A nan wanda ya fi kowa ladabi shi ne ya fi kowa kusa da ƙasa, shi ne kuma lissafinku zai riƙa tsallakewa.

A riƙa sanarwa da Hausa da Zabarmanci kafin a tashi, da murya mai ƙarfi, cewa 'yan rakiya su sauka. Suruki ba ya katse addu'a, amma kamfani yana iya katsewa, ba wanda zai ce kamfani ba shi da kunya. In da hali, a ajiye benci a inuwa kusa da inda kar ke tsayawa, a riƙa yin addu'ar ban kwana a can, inda ƙasa ba ta motsi.

Kada a taɓa Hamani. Na ji ana cewa an yi masa gargaɗi a kan wannan magana, ban tabbatar ba. Ya ƙirga yadda aka ce ya ƙirga, ya ƙi kuɗina yadda aka ce ya ƙi, ya ba ni kujerarsa da silifas ɗinsa, wanda ba wanda ya ce ya yi.

Ina roƙon Allah ya ƙara wa kamfaninku albarka, ya tsare motocinku da waɗanda ke cikinsu, na zaune da na durƙushe. Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya taƙaita maka taro, ya kuma sa duk ranar da ka raka taka surukar mota a ce tana sauri.

Ina cikin kammala wannan wasiƙa maƙwabcina Idi, mai taksi, ya dawo daga filin jirgi. Ya ce yau da rana ya ga an rataya kalandar kamfani a daidai wurin da hoton yake. Ya tambayi mai gishe ko an cire hoton ne ko yana ƙarƙashi, ta ce ita ba ta nan aka rataya, kuma ba a ba ta izinin ɗagawa ba. Na kira shef ɗin biro, wayarsa a kashe. Lawali ya tabbatar mini Hajiya da ƙawayenta sun riga sun karɓi tikensu na Asabar.

Wassalam.

Naka,
Sanusi Abdu,
Talaje, Yamai.